Mama Keziya, Injin Sirinji da Irin Cittar Ƙarshe

Kafin masu ƙosai na bakin tashar jirgin Kafanchan su kwashe suyar farko, Mama Keziya Abednego ta riga ta sauka daga keke napep a ƙofar makarantar da take aiki, jakarta ta fata a hammata, fulas ɗin kunun acca a hannu. Takan gaida mai gadi, ta tambaye shi ƙafar da ke damunsa, ta wuce ɗakin gwaje-gwaje. Ba ta fara zama, ba ta fara buɗe fulas. Sai ta wanke hannu, ta zura farar rigarta, ta nufi dogon teburin jikin bango inda injinan sirinji uku suke jere, ta ɗora tafin hannunta a kan kowanne ta yi shiru, yadda uwa ke taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi. Haka ta yi sama da shekara talatin, kuma bana ta ajiye aiki. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani a kanta tun tana raye tana ji, don mu mutanen nan mun ƙware wajen ajiye yabo sai ranar jana'iza.

Wanda bai taɓa ganin injin sirinji ba, kada ya zaci wani abin kallo ne. Ɗan akwati ne da bai fi tsohuwar rediyo girma ba. A samansa ake kwantar da sirinji, irin wannan dai na allura da kowa ya sani, a matse shi da wani ɗan ƙarfe kada ya motsa. Akwai dogon sukuru mai zare da ke juyawa yana tura ƙeyar sirinjin, ruwan ciki yana bin siririn tiyo yana fita ɗigo-ɗigo. Duk gwanintarsa haƙuri ce. Abin da bai cika cokalin shayi ba sai ya yini yana turawa, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, aikin da hannun ɗan Adam ba zai taɓa iyawa ba. Duk binciken da ke son a riƙa ba wani abu magani ko abinci kaɗan-kaɗan ba yankewa, a wuyan ɗan akwatin nan yake rataye. Shi kuma akwatin yana wuyan Mama Keziya.

Biyu daga cikin injinan ƙanana ne, sirinji ɗai-ɗai suke ɗauka. Na ukun shi ne babba, mai ɗaukar sirinji jere guda, kuma ya fi su tsufa. Shi ta raɗa wa suna Dattijo, wai don yana zaune a gaba, yana tafiya a hankali, kuma abu kaɗan sai ya kama ƙorafi. Dattawan ikilisiyarsu sun ji labarin nan, sun yi kamar ba su ji ba.

Ɗaliban da suka bi ta hannunta har yau suna ba da labari. In ka ɗura ruwa a sirinji, sai ta sa ka ɗaga shi sama kana ƙwanƙwasawa da farce har ƙwayar iskar ƙarshe ta fita. In ka ce, "Mama, ai 'yar ƙarama ce," sai ta ce, "Ƙaramar ce za ta zauna a tiyo ta ɓata maka aiki, kai kana gida kana cin tuwo." In aka sayo sirinjin wani kamfani daban, ko da lambar jikinsu ɗaya ce, sai an auna faɗin cikinsa an gaya wa injin, don a cewarta inji bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. Uwa-uba dogon sukurun nan. Ita ke goge shi da sifirit, ta shafa masa giris ɗinsa na musamman wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa da man keken ɗinkin mahaifiyarsa, wai zai taimaka. Daga ranar bai ƙara ba.

Malam Jamiluddeen mai gyaran agogo a cikin kasuwa yana da nasa labarin. Ya ce wata shekara wani ɗan ƙarfe mai haƙora ya tsage a cikin Dattijo. Kamfanin da ya ƙera injin yana can ƙasar waje, waɗanda suka kawo shi kuma sun daɗe da rufe shago. Aka fara maganar a kai shi sito, kowa kuwa ya san injin da ya shiga sito ba ya fitowa. Mama Keziya ta ƙulle ƙarfen a gefen zani ta bi kasuwa layi-layi, daga masu gyaran rediyo zuwa masu walda, kowa ya jujjuya shi ya girgiza kai. Da ta iso rumfarsa, shi ma ya ce, "Madam, wannan ba aikina ba ne." Ta jawo benci ta zauna. "To ai ni ma ba sauri nake yi ba, Malam." Ya tafi azahar ya dawo ya same ta. Ya tafi la'asar ya dawo ya same ta tana ɓare gyaɗa. Ganin ba ta da niyyar tafiya ya sa ya zazzage akwatin tsofaffin agogunan bango, suka sami wani na tagulla mai kama da shi, yana goga da magagari tana gwadawa, har ya zauna daram. Ƙarfen nan yana cikin Dattijo har gobe. "Ban taɓa ganin naci irin na matar nan ba," in ji shi. "Kuma ta sake takowa da ƙafarta don kawai ta gaya mini ya yi aiki."

Ke ce wadda ba a kai inji sito tana tsaye, Mama Keziya. Ke ce mai zaman benci har a gaji a saurare ki. Sunanki ba ya fitowa a bangon kundin binciken kowa, amma duk wanda ya gama nasa a ɗakin nan ya san hannun da ya riƙe masa.

Akwai abin da ta ɓoye wa kowa, ban da maigidanta Baba Abednego da likita. 'Yan shekarun nan hannuwanta suka fara rawa. Da fari sai in ta gaji, daga baya ko ta huta. A majami'a ta daina riƙe littafin waƙa, wai ta haddace, hannuwan kullum suna ƙarƙashin gyale. A wurin aiki suna cikin aljihun farar riga. Shayin da ke zubewa a kofi bai dame ta ba. Abin da ya ci mata rai shi ne tafin hannun nan ya daina gaya mata gaskiya, ba ta iya rabe bugun inji da rawar jikinta. Ta yi kuka a kan wannan, Baba Abednego shaida ne. Amma da gari ya waye sai ga ta da murafen kwalbar lemo uku, ta cika kowanne da ruwa ta ɗora a kan injinan. In inji yana lafiya, ruwan yakan yi 'yar rawa daidai-daidai. In yana shan wahala, sai ruwan ya riƙa zabura. Ɗalibai suka ɗauka sabuwar dabara ce kawai. Ƙananan ayyukan yatsa kuwa takan ce, "Zo ka yi, ai koyo ka zo."

Sai ga shekarar da ciwo ya faɗa wa citta. Ba sai na tuna wa mutanen kudancin Kaduna ba. Ganye ya yi rawaya damina na tsaka, aka tona aka tarar ƙasan ya ruɓe yana wari, manyan magidanta suka zauna a bakin gona suna hawaye. A ƙauyen su Mama Keziya, can bayan Zonkwa, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suna da gonar haɗin gwiwa, wadda da ita suke riƙe gwauraye da marayu. Gonar ta tafi, sai wani ɗan lungu a gindin dutse da ciwon ya tsallake. Suka sake shukawa damina ta gaba, abin ya ƙara raguwa. A ƙarshe abin da ya rage musu na irin iyayensu, mai yajin nan da 'yan kasuwa ke bi har gida, bai cika kwano ba.

Uwar Zumuntar ƙauyen, Mama Regina, tsohuwa mai ƙarfin murya, ita ta ƙulle kwanon a zani ta kawo shi Kafanchan wurin Malama Jacinta, 'yar ƙauyensu da ke koyar da ilimin tsirrai a makarantar. Jacinta ta yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. In aka mayar da irin ƙasa yadda yake, mai yiwuwa ya bi sauran. Amma ana iya yanke kowane idon citta, inda tsiro ke fitowa, a wanke shi, a raine shi a cikin kwalba, ya tsira da tsabta, ya kuma yi 'ya'ya da yawa. Sai dai tsiron yana son a riƙa ɗiga masa ruwan abincinsa ba yankewa. In ya yi yawa ya ruɓe, in ya tsaya a zafin nan ya bushe. Kuma in aka yanka, an yanka, babu sauran abin mayarwa gona.

Mama Regina ta ce da Hausarta ta gida, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Yarinya na, in ka tafi gida, wa zai ba shi ruwan?"

"Inji ne zai bayar, Mama."

"Shi injin, wa zai duba shi?"

"Maman Joanna," in ji Jacinta, don haka ake kiran Mama Keziya a gida.

Tsohuwar ta juya ta dubi Mama Keziya da ke tsaye jikin tebur, ta tura kwanon gaba. "To ka yanka."

Aka yanka. Kwalabe suka jeru a kan kanta, tiyo na fitowa daga Dattijo zuwa kowane layi. Lokacin saura kaɗan Mama Keziya ta yi ritaya, amma ta ce ko an sallame ta babu inda za ta sai tsiron nan ya bar kwalba. In aka ɗauke wuta, akwai batir da ta sa aka haɗa. In batir ya yi sanyi, ita ce tsaye a kan mai janareto. Makonni suka wuce, idanun citta suka fara fitar da ɗan kore.

Ikilisiyarta ta Kafanchan ta sa ranar sujadar godiya don ritayarta, wata Lahadi a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke sa mutum ya tsani rigarsa. Matan ƙauye suka cika bas tun ranar Asabar, da acca da kaji da tulunan kiɗansu. Suka ce ba za su sauka gidan mai biki ba sai sun ga irinsu. Mama Keziya tana gida tana fama da baƙi, don haka Jacinta ce ta kai su. Ta sa suka wanke hannu, ta roƙe su kada kowa ya taɓa kwalba, suka kuwa kiyaye. Da suka ga kore a cikin gilashi sai guɗa ta tashi. Mama Regina ta ce a yi addu'a. Kowa ya rufe ido, har da Jacinta, don wa ke addu'a ido buɗe?

To, a nan abin ya faru. Mama Regina tana da 'yar kwalbar man zaitun da ba ta barin jakarta. A ƙauyen nan babu sabon babur, babu injin markaɗe, babu ɗakin amarya da bai sha man nan ba. An ce kada a taɓa kwalba, ba a ce kada a taɓa inji ba. Ga kuma bawan Allah yana ta aiki ba hutu dominsu. Tana cikin addu'a ta matsa ta zana masa gicciye da mai a ka. Ta ga kamar hakan bai isa ba ga mai ɗauke da kaya irin wannan, ta ƙara tsiyaya masa. Aka ce amin, aka tafi cin abinci. Man kuwa ya bi tsagar da sukurun ke ciki ya gangara.

Da safiyar Lahadi Jacinta ta biya ta ɗakin kafin ta wuce sujada. Tun daga baranda ta jiyo Dattijo yana kuka, irin kukan da yake yi in hanya ta toshe. Ya tsaya, ba ta san tun yaushe ba. Ta bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya lanƙwashe. Ta canza sirinji, ta duba wuta, ta kashe ta kunna. Ya ɗan tafi, ya sake tsayawa yana kuka. Ta yi duk abin da ya kamata, kuma ta yi shi daidai. Rana tana ɗagawa, rufin ɗakin ya fara ɗaukar zafi, tsiron layin da ke kusa da taga ya fara langaɓewa. In aka kai la'asar a haka, irin matan Zumunta ya ƙare a duniya.

Ta tare keke zuwa majami'a, ta ce wa mai keken ya jira, ta tsaya a taga ta rasa yadda za ta yi. Ga Mama Keziya can a kujerar gaba cikin sabon leshi, Baba Abednego a gefenta, mawaƙa suna tsakiyar waƙa, Fasto yana shirin kiran su gaba. Wa zai tayar da mace daga bikinta? Ba ta ma yi magana ba. Mama Keziya ce ta waiwayo, ta ga fuskarta, ta miƙe ta fito ta ƙofar gefe, maigidan yana biye da ita.

"Dattijo ne?"

"Shi ne, Mama. Na yi duk abin da na sani."

Baba Abednego ya ce, "Haba, Maman Joanna! Mutane sun taso tun daga gida dominki. Ki bari a yi addu'ar mana."

"Baban Joanna, cittar mutanen nan ce fa. Ka koma ka durƙusa a madadina, ai ranar aure an ce mu biyu ɗaya ne." Ta tattare leshinta ta shige keken.

Da shigarta ɗakin ta zura farar rigarta a kan leshin, amma ba ta taɓa Dattijo ba. Ta sa Jacinta ta cire layin bakin taga ta haɗa shi da ƙananan injinan biyu, su riƙe masu rauni kafin a ga abin yi. Sannan ta ce a cika murfin kwalba da ruwa a ɗora masa, a kunna. Suka zuba wa ruwan ido. Ya yi rawarsa daidai-daidai, bai zabura ko kaɗan ba, sai kawai injin ya tsaya ya kama kuka.

"Kin gani? Ba nauyi ya ji ba," in ji ta. "Da hanya ce ta toshe, da ruwan nan ya yi tsalle kafin ya tsaya. Wani abu ne ke yi masa ƙarya a ciki."

A cikin injin akwai wani ɗan ido da ke kallon faifai mai huji-huji yana lura da juyawar sukuru. In idon ya daina gani, sai injin ya ɗauka sukurun ya cije, ya tsaya don kada ya fasa sirinji. To me zai rufe ido a cikin akwatin da ba wanda ya buɗe? Ta ɗauke murfin kwalbar, ta ji gindinsa yana santsi. Ta sunkuya, hasken taga ya nuna mata wani sheƙi mai siffar gicciye. Ta kai hanci. Ta san ƙamshin nan sarai, da shi aka shafa ƙofar ɗakinta ranar da aka kai ta gidan miji.

"Jiya kun yi addu'a a nan?"

Jacinta ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Mama Regina!"

"Bar kiran suna. Miƙo sukudireba."

Ta karɓa ta kai bakin sukudirebar kan ɗan sukurun murfi. Ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe, kaf-kaf-kaf. Ta riƙe da hannu biyu, abin ya ƙaru. Ta cije leɓe ta sake gwadawa, sukudireba ta kufce ta faɗi ƙasa. Jacinta ta daɗe tana aiki da ita, amma ranar ta fara ganin hannuwan nan a fili, hawaye suka cika mata ido.

"To, kin gani ke nan," in ji Mama Keziya. "Kuka sai an jima, yanzu ba mu da lokacinsa. Wanke hannunki. Ni zan duba, ke ki taɓa."

Suka duƙufa. Ta sa aka naɗe bakin kowane tiyo aka matse don kada iska ta shiga. Aka kashe wuta, aka kwance murfi, ana zuba 'yan sukuran a faranti don kada ɗaya ya ɓata. Ga mai nan ya jiƙe faifan, ya dame da tsohon giris ya zama wani kwaɓaɓɓen abu a zaren sukuru. Jacinta ta naɗa auduga a tsinke tana tsomawa a sifirit, Mama Keziya tana tsaye a kafaɗarta. "A hankali, kada ki danna, faifan nan in ya lanƙwashe mun gama. Juya da yatsa. Nan. Sake wata audugar, wannan ta yi datti." Gumi ya jiƙa sabon leshi sharkaf. Suka bi zaren sukurun tun daga kai har gindi, suka shafa masa nasa giris, suka rufe, suka kunna.

Ya tafi, ya tafi, har Jacinta ta fara sakin numfashi. Sai ya tsaya ya kama kuka.

Jacinta ta zube kan kujera. "Mama, ba zai yi ba. Me zan gaya wa matan nan?"

"Ba abin da za ki gaya musu tukuna. Tashi ki buɗe."

"Mun goge komai fa."

"Mun goge abin da muka gani. Faifai yana da baya. Buɗe."

Suka sake kwancewa. Da aka haska da fitilar waya, sai ga ɗan ɗigon mai maƙale a bayan faifan, daidai inda idon yake kallo. Aka goge, aka jira sifirit ya bushe, aka rufe. Wannan karon Dattijo ya tafi bai waiwaya ba. Jacinta ta yi wuf za ta haɗa tiyo da kwalabe, Mama Keziya ta tare ta da murya. "A'a. Wanda aka buɗe cikinsa sai an gwada shi. In ya tura fiye da kima, abin da zafi bai kashe ba mu za mu kashe." Sai da aka fitar da iska daga kowane tiyo, aka tara ruwan a gilashin awo, suka zauna suna kallo har ya kai inda ya kamata ya kai. Sannan aka haɗa. Wasu kwalabe na bakin taga sun riga sun tafi, ba yadda za a yi da su. Sauran duka suna da rai.

Ana haka sai ga hayaniya a baranda. An tashi sujada, matan Zumunta sun biyo mai biki da kulolin tuwon acca, tunda ita ta ƙi zaman abincinta. Mama Regina ce a gaba. Ta shigo da fara'a, idonta ya faɗa kan farantin auduga mai maiƙo, ƙamshin zaitun da sifirit ya bugi hancinta, ta ga kwalaben da aka ware gefe. Fara'ar ta ɗauke.

"Maman Joanna, me ya same shi?"

Mama Keziya ba ta iya ƙarya ba, ko ta tausayi. "Mai ne ya shiga idonsa, Mama. Amma mun wanke."

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka. "Yesu! Ni ne. Ni ne na kashe iri namu da hannu na."

"Bai mutu ba, Mama. Ki ɗago ki duba, ga shi can yana shan ruwansa. Kwalbar man tana nan?"

Mama Regina ta zaci ƙwacewa za a yi, kuma ta ga ta cancanta. Ta laluba jaka ta fiddo ta miƙa, kanta a ƙasa. Mama Keziya ba ta karɓa ba. Ta durƙusa a gabanta da sabon leshin nan, ta zaro hannuwanta biyu daga aljihun farar riga, ta miƙa su a gaban matan garinsu, suna rawa kowa yana gani.

"Dattijo yana da nasa mai, Mama. Ga waɗanda ke buƙatar naki."

Wadda ta ba ni labari ta ce ba ta san wa ya fara kuka ba. Mama Regina ta kama hannuwan nan ta tsiyaya musu mai, tana murzawa tana addu'a da yaren gida, wata ta ɗauki waƙa, sauran suka amsa a hankali don kada a girgiza kwalabe. Ba zan yi muku ƙarya ba, rawar ba ta daina ba, har yau tana shan maganinta. Amma tun daga ranar hannuwan ba su sake komawa ƙarƙashin gyale ba, kuma ta koma riƙe littafin waƙarta, yana kaɗawa tana rerawa.

Tsiron ya bar kwalba ya shiga leda, da damina ta zauna aka kai shi gindin dutsen nan. Ban ce an gano maganin ciwon citta ba, wannan aikin masana ne kuma suna kai. Abin da na sani, matan Zumunta suna da iri. Sai da ta ga an ɗora ledar ƙarshe a mota sannan ta rataye farar rigarta ta ba Jacinta makulli.

Mama Keziya, mun gode. Ke ce kika bar kujerar gaba ranar da aka ajiye ta dominki. Ke ce kika gyara inji ba ki karya zuciyar tsohuwa ba, kika tona asirin kanki don ki rufe nata. Ubangiji ya sāka miki, ya ba Baba Abednego ladan durƙuson da ya yi na mutum biyu.

Ku kuma da ke riƙe da kayan aikin jama'a, a asibiti ne, a makaranta ne, a gidan ruwa ne, ku daina gaggawar kai abu sito. Ku san abin da ke hannunku, ku koya wa na kusa da ku tun hannunku yana da ƙarfi, in kuma ya fara gazawa kada ku ji kunyar cewa a kama muku. Yanzu duk safiya Jacinta ce ke ɗora tafin hannunta a kan Dattijo, murfin kwalbar yana gefe.

Mama Regina ta aiko da saƙo cewa kwanon farko na cittar da za a tona naki ne, kuma ita da kanta za ta kawo. In ranar ta zo, Mama, ki miƙo hannuwan nan biyu a fili. In sun yi rawa, muna nan, za mu riƙe kwanon tare da ke.